Ganye, Rana da Hanji: Nazari a kan Halittar Koriyar Iguwana

Tsakure

Koriyar iguwana, wadda masana ke kira Iguana iguana, ƙatuwar ƙadangaruwa ce da asalinta yake dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da wasu tsibiran Karibiyan. Wannan maƙala ta bi sawun binciken da aka yi a kanta tun daga shekarun 1960, musamman a Panama da Curaçao da Benezuwela. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne cewa cin ganye ne ya tsara rayuwar wannan dabba gaba ɗaya: shi ya ƙera hanjinta, shi ya ɗaure ta da rana, shi ya sa 'ya'yanta suke neman manya a makonninsu na farko. Shi ne kuma dalilin da ya sa take lalacewa a keji, alhali tana cika duk wata ƙasa mai ɗumi da aka sake ta a cikinta.

Gabatarwa



A shekarar 1973 masanin dabbobi F. Harvey Pough ya wallafa wani nazari a mujallar Ecology, inda ya gwama nauyin ƙadangaru iri-iri da abin da suke ci. Ya lura cewa a dangogin da ya duba, masu rayuwa da tsiro kusan duk manya ne, waɗanda suka haura giram 300, ƙanana kuwa ƙwari ne abincinsu. Dalilin da ya kawo mai kama hankali ne. Ƙaramin jiki yana ƙona abinci da sauri idan aka dubi nauyinsa, ganye kuwa ba ya sakin ƙarfinsa da wuri. Da wannan aka daɗe ana ɗauka cewa 'ya'yan manyan ƙadangaru masu cin ganye da farautar ƙwari suke farawa, sai sun girma su koma ganye. Littattafan masu kiwon dabbobin sha'awa sun yi ta maimaita wannan magana, kuma dabbobi da yawa sun mutu ta sanadinta.

Koriyar iguwana ba ta bi wannan ƙa'ida ba. Tana fitowa daga ƙwai nauyinta bai wuce giram 10 zuwa 15 ba, kuma tun daga makonninta na farko ganye take ci har ta tsufa. Yaya ɗan mitsitsin jiki, wanda ba ya iya ɗumama kansa, ba shi da turamen haƙora, zai rayu har ya girma da abinci mafi wuyar narkewa a daji? Amsar wannan tambaya ce jigon maƙalar.

Kafin nan a fayyace wace ce ita. Linnaeus ne ya fara ba ta sunan kimiyya a 1758, sannan Laurenti ya kafa jinsin Iguana a 1768. Danginta, Iguanidae, ya haɗa da iguwanar teku ta tsibiran Galapagos da iguwanonin duwatsu na Karibiyan da ake kira Cyclura. Babu ɗan wannan dangi ko ɗaya a babban yankin Afirka. Mai ganin hotonta a nan ƙasar zai iya zaton damo ce ko guza, amma waɗannan 'yan jinsin Varanus ne, masu cin nama da ƙwari, kuma zumuncinsu da ita yana da nisa. Ƙadangaren da ke gyaɗa kai a kan katangarmu da hawainiya su ne suka fi kusa da ita, domin dukansu suna cikin babban rukunin da ake kira Iguania.

Siffa da mazauni

Asalin mazauninta ya faro daga Meziko, wajen jihohin Sinaloa da Veracruz, ya ratsa Amurka ta Tsakiya, ya gangara har Faragwai da kudancin Barazil. Ba ta hawa ƙasa mai tudu sosai saboda sanyi. Inda ta fi so shi ne saman bishiyoyin da suka sunkuya a kan kogi ko tafki, domin da zarar ta ji motsin da bai yi mata ba sai ta saki reshe ta faɗa ruwa. Idan tana iyo ƙafafu take mannewa a jiki, wutsiya ce ke tura ta, kuma tana iya lafewa a ƙarƙashin ruwa tsawon mintoci masu yawa. In ma ba ruwa a ƙasa, an sha ganin ta faɗo daga reshe mai nisa, ta tashi ta ruga.

Tsawon babba daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya yakan kai mita 1.2 zuwa 1.7, wani namijin ma ya taɓa mita 2, sai dai kusan kashi biyu cikin uku na wannan tsawon duk wutsiya ce. Namiji yakan kai kilo 4 ko fiye, mace ba ta kai shi ba. 'Ya'yan ne kore shar. Manya suna dusashewa zuwa toka-toka ko ruwan ƙasa gwargwadon yanki, namiji kuma lokacin barbara yakan rine ya koma ruwan goro.

Kan babban namiji ya cancanci a tsaya a dube shi kusa-kusa. A ƙasan kunne akwai wani zagayayyen ɓawo babba mai sheƙi, zaune a kan kumburarren muƙamuƙi. A ƙarƙashin maƙogwaro fata ce mai faɗi take reto, da wani siririn ƙashi a ciki da ke miƙe ta idan yana son nuna isa ko yana son kama rana. Daga ƙeya ƙayoyi masu laushi suka jeru a kan gadon baya har cikin wutsiya. A tsakiyar kai, bayan idanu, akwai wani ɗan fari-farin tabo, wanda za mu dawo kansa. Idan aka juya cinyarsa kuwa, za a ga jerin ƙananan ramuka masu fitar da wani abu mai kama da kakin zuma, wanda yake gogawa a reshe ya bar ƙamshinsa. Waɗannan ramuka sun fi girma a jikin namiji, kuma sun fi zuba a lokacin barbara.

Wutsiyar bulala ce idan an matsa mata, kuma tana iya tsinke ta ta bar wa maƙiyi, daga baya wata ta tsiro, ko da yake ba ta kai ta farko kyau ko tsawo ba.

Hanji

Haƙoran iguwana ƙanana ne, masu faɗi, da gefe mai tsaga-tsaga, kuma suna sauyawa muddin tana raye. Aikinsu yanka kawai. Tana cafke ganye, ta fizge, ta haɗiye. Ba ta tauna, ba ta tuƙa, ba ta da ƙundu irin na tsuntsu da zai niƙa mata. Saboda haka gutsuren ganye yakan isa ciki da faɗinsa, kuma mafi yawan ƙarfin da ke cikinsa yana kulle a bangon ƙwayoyin tsiro, a cikin sinadarin selulos, wanda babu wata dabba mai ƙashin baya da ke iya narkar da shi da ruwan cikinta kaɗai.

Saniya da akuya sun warware wannan matsala da tumbi, inda ƙwayoyin bakteriya ke tsima ciyawa kafin ta isa hanji. Jaki da doki kuwa a can baya suke tsima tasu, a babban hanji. Iguwana hanyar jaki ta bi. Farkon babban hanjinta ya buɗe ya zama wata babbar jaka, kuma John Iverson, wanda ya feɗe nau'o'in wannan dangi da dama ya wallafa sakamakonsa a 1980 da 1982, ya nuna cewa jakar ba fili ba ce. Akwai wasu labule na tsoka da suka gitta ta, suka raba ta ɗaki-ɗaki. Labulen suna rage wa abinci gudu, suna kuma ƙara faɗin wurin da ƙananan halittu za su zauna. Iverson ya ga cewa a cikin dangin, nau'in da ya fi girman jiki shi ya fi yawan waɗannan labule. Ya kuma tarar da tsutsotsin ciki dubbai a hanjin dabbobi masu ƙoshin lafiya, har ya kawo shawarar cewa zamansu a wurin yana iya zama na amfani, ta hanyar motsa abinci da farfasa shi. Wannan shawara tana da nauyi a ganina, domin wuya ne dabba ta ɗauki irin wannan lodi daga zuriya zuwa zuriya tana ƙiba, idan cuta ce zalla.

Me wannan tsimi ke samar mata? Bakteriya suna farfasa selulos su fitar da wasu sinadarai masu tsami da bangon hanji ke tsotsewa. A littafin Iguanas of the World, wanda Gordon Burghardt da A. Stanley Rand suka tace a 1982, McBee da McBee sun ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ƙarfin da iguwana ke buƙata daga wannan tsimi yake fitowa. Katherine Troyer, wadda ta yi aikinta a Panama, ta auna ta ga iguwana tana narkar da kusan rabin bangon ƙwayoyin ganyen da ta ci. Wannan bai yi nisa da abin da dabbobi masu shayarwa masu cin ciyawa ke samu ba. Tsohon zaton da ake yi cewa cikin ƙadangare bai iya ganye ba ya rushe ke nan.

Amma ba kowane ganye take ci ba. Tana zaɓe. A Panama an san tana son Spondias mombin, itacen da muke kira tsadar Masar. A tsibirin Curaçao mai ƙarancin ruwa, Wouter van Marken Lichtenbelt ya bi ta shekara zagaye, ya ga da rani furanni da 'ya'yan itace take nema, waɗanda ke ba ta ruwa, da ruwan sama ya sauka kuma sai ta koma sabon toho mai yawan furotin. Troyer ta gano cewa ƙanana sun fi manya tsananta zaɓe. Suna bin ganye ɗanye mai laushi, kuma abinci ya fi saurin ratsa cikinsu. Rabin amsar tambayar Pough ke nan: ɗan iguwana bai koma ga ƙwari ba, ganyen ya tace.

Akwai rahotanni nan da can na iguwana ta ci dodon koɗi ko mushe ko ƙwai. Ba a musanta su ba, amma tsiraru ne ƙwarai idan aka gwama da tarin cikunnan da aka bincika aka tarar da tsiro zalla, kuma kuskure ne a gina tsarin ciyarwa a kansu.

Cin ganye yana zuwa da wani nauyi kuma. Tsiro cike yake da sinadarin fotashiyam, ƙodar ƙadangare kuwa ba ta iya tace gishiri ta fitar da shi a fitsari mai kauri kamar tamu. Sai aka yi mata wasu ƙullutai a cikin hanci da ke tsamo gishirin daga jini. Tana atishawa, ruwan ya fita, ya bushe ya bar farin gari a bakin hanci. Wanda bai sani ba sai ya ce mura take yi.

Rana

Tsimi yana son ɗumi, iguwana kuwa ba ta da wutar ciki irin ta tsuntsu ko akuya. Zafin jikinta daga waje take samo shi. Da safe takan fito ƙarshen reshe ta baje jiki, fatarta ta ɗan yi duhu don ta sha zafi, har jikin ya kai wajen digiri 35 zuwa 37 a ma'aunin Salshiyos. Idan rana ta take sai ta ja inuwa. Cin abincin kansa ɗan lokaci kaɗan yake ɗauka. Kusan dukan yinin a kwance take, kuma wannan kwanciya aiki ce, domin a lokacin ne hanji ke yin nasa.

Van Marken Lichtenbelt ya auna wannan a gwajin da ya wallafa a 1992. A zafin jiki na digiri 30 abinci yakan yi kusan kwana 10 kafin ya ratsa cikin iguwana, a digiri 36 kuwa kwana 3. Yawan abin da ake narkarwa bai sauya sosai ba, saurin ne ya sauya. Ma'anar wannan babba ce. Digiri shida kacal sun ninka yawan ganyen da dabbar za ta iya sarrafawa a mako sau uku. Reshen da ke samun rana da wuri dukiya ne, shi ya sa manyan maza ke kame irinsa. Ga ɗan iguwana kuma, wanda ƙaramin jikinsa ke ɗumama cikin 'yan mintoci, rana ce ke cike masa giɓin da Pough ya hango.

Ribar wannan tsari ita ce arha. Ƙadangare yana rayuwa da kusan kashi ɗaya cikin goma na abincin da dabba mai shayarwa mai irin nauyinsa za ta buƙata. Shi ya sa ƙaramin tsibiri zai iya ɗaukar iguwana masu ɗimbin yawa. Hasararsa kuma sanyi. A kudancin Fulorida, idan sanyin hunturu ya sauka ƙasa da digiri 10, sai jikinsu ya sandare su riƙa zubowa daga bishiyoyi, har ofishin hasashen yanayi na Mayami ya ja hankalin jama'a a kan haka a Janairun 2020. Da yawa suna farfaɗowa da rana ta fito, amma sanyi mai tsawo, irin na Janairun 2010, yana kashe su da yawa.

A nan ne tabon tsakiyar kai ya shigo. Ido ne na uku, ƙarami, a ƙarƙashin ɓawo mai ratsa haske. Yana da 'yar ƙwayar tara haske da ƙwayoyin jin haske, amma ba ya ganin siffa. Haske da duhu yake rarrabewa. Gianluca Tosini da Michael Menaker sun nuna a shekarun 1990 cewa wannan ido, tare da idanu biyu na gaske da wani ƙullutu a ƙwaƙwalwa, kowannensu yana da nasa agogon dare da rana, kuma suna da hannu a yadda zafin jikin dabbar ke hawa da sauka. Dabbar da abincinta ya dogara da rana an ba ta ma'aunin rana a ka.

Ba zan wuce ba sai na ambaci huhunta, ko da yake ya ɗan kauce wa jigon. An daɗe ana koyarwa cewa tsuntsaye ne kaɗai iska ke zagaya huhunsu ta hanya ɗaya, ko suna shaƙa ko suna fitarwa, kuma an danganta haka da wahalar tashi sama. A 2014 Robert Cieri da C. G. Farmer da abokan aikinsu a Jami'ar Utah suka nuna haka yake a huhun koriyar iguwana, dabbar da ke yini a kwance. Wannan ya tilasta a sake duba dalilin da aka daɗe ana bayarwa.

Daga ramin ƙwai zuwa saman bishiya

Mafi yawan abin da aka sani game da haihuwar iguwana ya fito ne daga wani ɗan tsibiri da bai kai kadada ɗaya ba, mai suna Slothia, a tafkin Gatun da ke mashigin ruwan Panama, dab da tsibirin Barro Colorado inda Cibiyar Smithsonian ke da tashar bincike. A 1968 Rand ya bayyana yadda mata fiye da ɗari ke iyo zuwa wannan wuri kowace shekara don su yi ƙwai a ɗan filin da rana ke duka.

Barbara tana zuwa ne a farkon rani. Beverly Dugan a Panama da Gordon Rodda a filayen Benezuwela sun bayyana yadda babban namiji ke kame bishiya mai bayyana, ya yi ta gyaɗa kai yana baza fatar maƙogwaro, mata kuma su riƙa zagayawa suna dubawa kafin su zauna wurin wanda suka zaɓa. Namiji ba ya cin abin kirki a wannan lokaci, yakan fito a rame. Bayan kamar wata biyu mace ta cika da ƙwai har babu wurin abinci a cikinta. Sai ta bar bishiyarta, wani lokaci ta yi tafiya mai nisa, ta nemi ƙasa mai laushi da rana ke samu. Ta haƙa rami mai gangara, ta yi ɗaki a ƙarshensa, kamar rabin mita zuwa mita ɗaya daga sama, ta zuba ƙwai 20 zuwa 70 gwargwadon girmanta, ta toshe, ta tafi. Ba ta komawa kan 'ya'yan.

Haƙa rami da cikin ƙwai da yunwa ba ƙaramin aiki ba ne, don haka a wuri irin Slothia faɗa ba ya ƙarewa. Wata tana haƙa, wata tana jira a baki ta ƙwace. Rand da ɗan'uwansa William Rand sun yi nazarin waɗannan rigingimu suka ga kowace tana auna ƙarfin da za ta kashe kafin ta ci gaba ko ta haƙura. Da Rand da Dugan suka tone filin, sai suka tarar da ramukan sun sarƙe da juna a ƙarƙashin ƙasa, wata ta bi hanyar da wata ta buɗe, wani lokaci ma ta tono ƙwan ta farko waje. Ga kuma kada da ke yin nata ƙwai a tsibirin, tana kai musu hari.

Me ya sa suke jure wannan cunkoso? Saboda ƙwan ma rana yake so. Paul Licht da Walter Moberly sun nuna a 1965 cewa ɗan tayin iguwana yana buƙatar zafi kusa da digiri 30, kuma kauce wa wannan da 'yan digiri kaɗan yana ɓata shi. A cikin kurmi mai duhu filin da ke ba da irin wannan ɗumi kaɗan ne. A lura kuma cewa zafin rami ba shi ke yanke ko namiji za a samu ko mace ba, saɓanin kada da yawancin kunkuru. A iguwana gado ne ke yanke wannan. Ƙwai yakan yi kamar wata uku, ya ƙyanƙyashe daidai faɗuwar damina, lokacin da daji ya cika da sabon toho.

A nan ne, a ganina, aka yi bincike mafi kyau a kan wannan dabba. A 1977 Burghardt da Harry Greene da Rand suka wallafa a mujallar Science abin da suka gani a bakin ramukan Slothia. Jariran ba sa fitowa ɗai-ɗai. Ɗaya ya leƙo, ya koma, wani ya leƙo daga wani rami, suna kallon juna, sannan su fito a tare. Suna lasar juna, suna goga jiki, suna tafiya ƙungiya-ƙungiya, suna tsallake ruwa tare, da dare kuma su kwana a reshe ɗaya. Ga shaho da sauran tsuntsaye da macizai da wasu ƙadangaru duk suna jiransu, kuma kaɗan ne ke kai shekara. Dagmar Werner da abokan aikinta sun nuna a 1987 cewa jariran suna gane 'yan uwansu na ciki ɗaya, suna kuma fifita zama da su. Wannan duka a dabbar da aka ce ba ta san zumunci ba.

Sai Troyer ta kawo abin da ya ɗaure zancen. Jariri yana fitowa daga ƙwai da hanjin da ba shi da ƙwayoyin tsimi. Tun yana cikin rami yakan ci ƙasa, ya samu na farko. Bayan ya fito ya ɗan zauna a ƙananan tsirrai, sai ya hau can sama inda manya suke, ya yi kwanaki a kusa da su yana cin kashinsu, sannan ya sauko ya ci gaba da rayuwarsa a ƙasa-ƙasa. A gwajin da ta wallafa a Science a 1982, jariran da aka ba ɗanyen kashin manya sun samu cikakkun ƙwayoyin hanji, sun kuma fi waɗanda aka hana saurin girma. Kamar dai yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara kafin ta kwana. Uwa ba ta reno, amma zuriya tana miƙa wa zuriya abin da ba a iya rayuwa sai da shi. Wanda ya tsira yakan balaga a shekara ta biyu ko ta uku.

Wannan tambaya ba ta tsaya a Panama ba. A duwatsun Azbin akwai ƙadangaren hamada mai ƙayar wutsiya, Uromastyx geyri, wanda shi ma tsiro ne abincinsa. Yadda 'ya'yansa ke samun ƙwayoyin hanji a ƙasar da ganye ke ƙaranci aiki ne da ɗalibanmu za su iya ɗauka da kayan aiki kaɗan.

A hannun mutum

A ƙasashenta na asali iguwana nama ce tun kafin zuwan Turawa, har ana ce mata kazar bishiya. A Nikaraguwa ana dafa ta da garin masara lokacin azumin Kiristoci, a gaɓar Kolombiya kuma ana cin ƙwanta. Abin takaicin shi ne wannan lokaci ya dace da lokacin da mata ke ɗauke da ƙwai, har wasu kan tsaga cikin mace da ranta su kwashe ƙwan su sake ta. Farauta da sare daji sun rage ta ƙwarai a wurare da dama, ko da yake nau'in gaba ɗaya ba ya cikin haɗarin ƙarewa. Tun 1977 cinikinta tsakanin ƙasashe yake ƙarƙashin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES. A shekarun 1980 Werner ta fara wani shiri a Panama, daga baya ta mayar da shi Kosta Rika, inda ake gina wa mata ramukan ƙwai, a ƙyanƙyashe, a reni 'ya'yan har su wuce lokacin haɗari, sannan a sake su a gonakin manoma. Tunaninta shi ne manomin da ke samun nama daga bishiya ba zai sare ta ba.

A shekarun 1990 kuma aka yi ta shigar da jarirai Amurka, dubban ɗaruruwa a shekara, ana sayar da su da arha a shagunan dabbobin sha'awa. Yawancinsu ba su yi tsawon rai ba, kuma duk abin da ya gabata ya bayyana dalili. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya ɗauke da ɓangaren hasken rana da fata ke buƙata don ƙera bitamin D3, in babu shi kuwa jiki ba ya tsotsar kalsiyam, sai ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya kumbura, ƙafafu su karye. Ɗaki mai sanyi yana tsayar da hanji. Abincin kare ko na kyanwa da ake ba su yana lalata ƙoda. Wadda ta samu kulawa ta gaskiya tana iya kai shekara 20, amma a lokacin ta zama dabba mai tsawon mutum, mai cizo da bulala, sai masu ita su gaji su sake ta.

Inda aka sake ta a ƙasa mai ɗumi kuwa, labarin ya juya. Ita dama gwanar ƙaura ce. A Oktoban 1995, bayan guguwar Luis da ta Marilyn, aƙalla iguwana 15 suka sauka a gaɓar tsibirin Anguilla a kan tarin itatuwan da ruwa ya kwaso, ana kyautata zaton daga Guadeloupe, kamar yadda Ellen Censky da abokan aikinta suka ruwaito a mujallar Nature a 1998. Dabbar da ke iya makonni ba ci ita ce ke jure irin wannan tafiya. Abin da guguwa ke yi jefi-jefi, jirgi da kasuwa suna yinsa kullum. An fara ganinta a Fulorida a shekarun 1960, yau tana haƙe gefen magudanan ruwa da gindin gine-gine, har jihar ta sa ta cikin dabbobin da aka haramta mallaka a 2021. A tsibirin Grand Cayman an ƙiyasta yawanta ya haura miliyan ɗaya kafin gwamnati ta fara biyan mafarauta a Oktoban 2018, kuma cikin shekara guda da 'yan kai aka kashe fiye da miliyan. Ta kafu a Puerto Rico da Taiwan da Fiji.

Ɓarnar da ta fi damuna ba ta gini ba ce. A ƙananan tsibiran Antilles akwai 'yar uwarta, Iguana delicatissima, wadda ba ta da wancan babban ɓawo na ƙasan kunne. Idan baƙuwar ta shigo sai su yi barbara, 'ya'yan su ci gaba da haihuwa, kuma da yake baƙuwar ta fi girma ta fi yawan ƙwai, cikin 'yan shekaru sai asalin nau'in tsibirin ya narke. Tun 2018 an sa Iguana delicatissima a jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Katangar da iguwana ta rusa ana sake ginawa, nau'in da ya narke kuwa ya tafi ke nan.

Harbin manya yana rage yawa, amma mace ɗaya da ta tsira tana iya zuba ƙwai 40 a shekara. Inda dabbar ke da rauni shi ne inda buƙatar ɗumi ta tilasta mata taruwa, wato filin ƙwai. Mata suna komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara, a watannin da aka sani. A gandun Las Cabezas de San Juan da ke Puerto Rico, ma'aikata da 'yan sa-kai suna bin waɗannan filaye a lokacin ƙwai, su tone ramukan su kwashe. Duk hukumar da ke da kuɗi kaɗan, ko tana son ƙara yawan iguwana ne kamar yadda Werner ta yi ko tana son rage ta, aikinta na farko shi ne ta zana taswirar wuraren da mata ke haƙa.